Wasan Inuwa a Harra ta Gabas

Tun da na dawo daga Madina ƙawayena ba su bar ni na huta ba. Kowace ta zo barka da sauka sai ta sha zamzam, ta ɗauki dabino, ta gyara zama ta ce in ba ta labari. Na ba da shi har muryata ta dushe, kuma kullum sai in ga na bar wani abu a baya, domin ni idan ina magana hankalina yakan bi wani tsuntsu ya bar mai sauraro a zaune. Shi ya sa na ce bari in rubuta shi sau ɗaya, wadda ta tambaya in miƙa mata.

Kaset ne ya kai ni. Gwaggo Dije, yayar mahaifinmu, tana Madina tun tana yarinya. Da ƙafa aka tafi da ita ta Chadi da Sudan, lokacin mahaifinmu yana rarrafe, aka bar shi wurin kakarsu. Ba ta taɓa dawowa ba, mu na gida muryarta kawai muka sani, a kaset ɗin da alhazai kan kawo mana duk shekara. Na wannan karon gajere ne. Ta ce gigin tsufa ya kama maigidanta, wanda kowa ke kira Baba Dogo. Baƙin mutum ne ɗan Amirka, aikin tuƙi ya kawo shi ƙasar Larabawa, ya musulunta, ya zauna a Madina, ya aure ta, ya koyi Hausa a bakinta har yana tsokanar maƙwabta da ita. Yanzu Hausar ta zube, Larabcin ma ya bi ta, ba abin da ya rage masa sai Turancin ƙuruciyarsa. Kuma ya daina cin abinci, sai shayi da ɓarin dabino. Likita ya ce in aka ci gaba haka sai a kwantar da shi a asibiti a sa masa roba ta hanci, ita kuwa ta ce ba za ta bari ya ƙare kwanansa a hannun baƙi ba. Ta ji labarin 'yar ƙaninta ta gama kwalejin malamai ta 'yan mata. A aiko mata da ita, ta ji abin da tsohon yake cewa.

Kafin a kashe rikodar ana jin muryar wani tsoho can nesa yana ta magana. Na yi ta mayar da wurin ina saurare, ban gane ko kalma ɗaya ba. Mahaifinmu ya tambaye ni ko zan iya. Na ce masa a kaset kam ban ji ba, amma idan na ga bakinsa yana motsi zan ji. Ban san inda na samo wannan ƙarfin hali ba, ni da ko ɗan aike ba na iya yi wa tsawa.

An yi sa'a yayana Sani, wanda ke karatu a jami'ar Musulunci ta can, yana gida hutu, sai ya zama muharramina. Shi makarantar Larabci ya yi, Turancinsa bai wuce na gaisuwa ba. Ya taɓa cewa zai kawo abokansa masu Turanci, Gwaggo ta ƙi, ta ce ba za a mayar mata da miji abin kallo ba.

Inna ta cika mini jaka da daddawa da kuka da busasshiyar kuɓewa da man shanu, ta ce ba a zuwa wa 'yar gida hannu biyu. A jirgi na zauna kusa da wata Hajiya 'yar Gusau, wadda ta kama hannuna tun muna ƙasa ba ta sake ba sai da muka sauka. Tana salati, ni kuma ina leƙen taga. Ƙasa ja ce shimfiɗe a ƙarƙashinmu, ba gida ba itace, na riƙa tunanin wata ƙaramar yarinya tana tafiya a cikinta riƙe da gefen zanen uwarta. Abin da ya cinye ƙuruciyar Gwaggo, ni na tsallake shi kafin abincin da aka ba mu ya narke.

Zafin Jidda jiƙaƙƙe ne, yana manne wa mutum kamar rigar da ba ta bushe ba. A wurin binciken kaya ma'aikacin ya buɗe gwangwanin daddawa, ya kai hanci, ya ja da baya kamar an mare shi. Ya kira abokinsa, shi ma ya shaƙa. Yaya Sani ya shiga yi musu bayani da Larabcin littafi, yana jan wasula kamar mai huɗuba, sai na ga suna danne dariya. Ana haka wani ma'aikaci baƙi, cikin kaki irin nasu, ya zo ya ce musu wani abu da sauri, suka rufe gwangwanin. Da zai wuce ya rage murya ya ce mini da Hausa, "Kakata ma da ita take miya. A gai da gida." Hajiyar Gusau ba ta yi irin sa'ata ba, goron da ta ƙulle a cikin matashi duk aka karɓe, na bar ta tana yi musu Allah ya isa da murmushi don kada su gane.

Mun kwana a gidan wata Bakanuwa da ke saukar da 'yan Nijeriya, ita ta samo mini abaya. Ta fi ni tsawo nesa, na taka bakinta a ƙofar gida na tafi da gwiwa a gaban direban da zai kai mu Madina. Shi kuwa ko kallona bai yi ba, wanda a lokacin na ɗauka rashin tausayi ne, daga baya na gane ladabi ne. Mota ce doguwa mai faɗi, yana tuƙa ta da hannu ɗaya, ɗayan riƙe da ƙaramin kofin shayi, kuma ko ɗigo bai zubar ba. Mun tsaya a wani ƙauye na bakin teku aka kawo soyayyen kifi da shinkafa mai launin ƙasa. Ni da wasu mata biyu aka sa mu bayan labule. Na zauna ina jiran miya, su kuma suna ci, har ɗayar ta ga halin da nake ciki ta dunƙula mini loma ta miƙo. A can shinkafa ita ke ɗauke da miyarta a jikinta. Kusa da Madina aka tsayar da mu aka duba takardu, sannan baƙaƙen duwatsu suka fara bayyana hagu da dama, kamar an taɓa yin gobara a ƙasar ta huce ba a share ba. Direban ya kashe rediyonsa da kansa. Kowa ya yi shiru, sai leɓɓa ke motsi.

Gidan Gwaggo yana unguwar Harra ta Gabas, a wani lungu da mota ba ta shiga. Siriri ne, ɗaki bisa ɗaki, da matakala mai duhu da ke kaiwa soro. Da ta buɗe ƙofa sai na ga fuskar mahaifinmu a cikin mayafi. Ta rungume ni tana cewa ahlan da 'yar Mamman, ta riƙe ni ta dube ni, ta ce ashe ba a ba ni abinci a Kano. Hausarta irin ta tsofaffin da suka rasu ce, da kalmomin da ban ƙara ji ba tun rasuwar kakarmu, sai kuma ta tsinke a tsakiya ta zama Larabci. Ta shaƙi daddawar ta lumshe ido, ta daɗe a haka, sannan ta ce ba ta kai ta dā ba. 'Yarta Fa'iza, wadda ke aure a Ƙuba tana koyarwa a makarantar 'yan mata, ta zo tarona. Ina yi mata Hausa tana ba ni amsa da Larabci, kuma haka muka yi ta hira har na dawo, kowace a bakin rijiyarta.

Baba Dogo yana ɗakin soro. Ko a zaune ya kusa kai ni tsawo, amma ba abin da ya rage masa sai ƙashi da idanu. Yatsunsa dogaye ne, biyu sun karkace. Na durƙusa na gaishe shi da Turancin da Baturiyar malamarmu ta koya mana, ina fitar da kowace kalma da gashinta. Ya dube ni, ya yi dariya har da tari, ya faɗi wani abu mai tsawo. A ciki na tsinci kalmar alƙali. Wato ina magana kamar alƙali. Sai na tuna Yaya Sani a Jidda, kunya ta rufe ni.

Da azahar na ga abin da ya hana Gwaggo barci. Ta hawo da tire, tuwon shinkafa da miyar kukar da na kawo, ta ajiye a gabansa. Ya dubi abincin kamar mai jin yunwa, sannan ya tura shi gefe. Ya miƙe zaune, ya ƙura wa ƙofa ido, ya gyaɗa kai, ya ɗaga hannun dama ya kai shi baya, ya wurga. Ba komai a hannun. Sai ya buɗe tafinsa ya tsaya yana jira. Ya jira, ya jira, har hannun ya gaji ya sauka, ya juya fuska ga bango. Gwaggo ta ce kullum haka ne. An yi rubutu, an yi tofi, an kawo mai ruƙiyya, ba abin da ya sauya. Ta ɗauke tiren, na ga yadda ta riƙe shi, kamar wadda aka mayar wa kyauta.

Na yanke shawara zan saurare shi kamar yadda ake koyon waƙa, ba kamar yadda ake karanta littafi ba. Turancinsa narkakke ne, kalmomin suna shiga cikin juna kamar man shanu a rana. Da hantsi, bayan shayi, hankalinsa ya fi zama, sai in hau soro in zauna a gefen tabarma ina kallon bakinsa. Da farko kalma ɗaya nake kamawa a cikin goma. Na riƙa maimaita abin da ya faɗa yadda ya faɗe shi, yana gyara mini yana dariya. Wata rana kaina ya yi ciwo har na sauko na kwanta, na ji Gwaggo a madafa tana gaya wa maƙwabciyarta cewa wataƙila Turancin Kano daban ne da na Amirka. Na tashi na wanke fuska na koma. Bai san ni ba. A wurinsa ni 'yar wata gwauruwa ce da ta taɓa saukar da shi da abokan tafiyarsa a gidanta, yana yawan tambayata ko uwata ta wanke musu riguna. Na bar shi a haka, domin ta wannan ƙofar labarin ya fito.

Ga abin da na harhaɗa, gutsure-gutsure. Yana saurayi, a kudancin ƙasarsu, ɗan wasan besbol ne. Wasa ne na ƙaramar ƙwallo mai tauri, wani ya jefa, wani ya daka da sanda ya zagaya fili da gudu, wani kuma yana tsugune a bayan mai sandar yana cafewa. Mun yi mai kama da shi a kwaleji, shi ya taimake ni. A zamanin nan fararen fata ba sa barin baƙi ya shiga manyan ƙungiyoyinsu, komai gwanintarsa. Sai wani wanzami da wasu ma'aikatan gidan yankan katako suka haɗa tasu, tun kafin a haifi Baba. Ba su da fili, ba su da gari. Hanya ce gidansu. Na farkon a bayan jirgin ƙasan kaya suke tafiya, na zamanin Baba kuma a wata tsohuwar bas da ya ce turawa ta fi tuƙawa yawa, a nan ma ya koyi tuƙi. Su shiga gari, su ƙalubalanci 'yan wasan garin, mutane su taru, a zagaya da hula, washegari su yi gaba. Ko suna ɗaya ba su tsaya a kai ba, sukan sauya shi idan wani gari ya tsane su. Ya ce idan da fararen fata suke wasa dole su yi nasara da dabara, kada ratar ta yi yawa, in ba haka ba sai sun bar garin ba tare da sun tsaya cire takalmi ba. Masauki ba ya karɓarsu, gidan abinci sai ta ƙofar baya. Su kwana a bas, ko a coci, ko a gidan wata baƙar mace mai tausayi. Baba shi ne mai jifa. Mai cafe masa wani gajere ne mai suna Mozis, wanda da na faɗa wa Gwaggo ta ce Musa ke nan, Allah ya ji ƙansa in ya cika da imani.

Na yi tunanin 'yan koli da makaɗan da ke bin kasuwanni a wurinmu. Amma su namu duk garin da suka shiga akwai zauren da za a shimfiɗa musu tabarma a kawo musu ruwa. Waɗannan a ƙasar haihuwarsu suke baƙunta, ba kuma mai yi musu maraba sai an ga wasansu.

A cikin wannan hira na ji dokar tsohon wanzamin, wadda Baba ya faɗa da yatsa a sama: ba a ci sai an yi wasa. Cikakken ciki ba ya gudu, kuma gari ba ya ciyar da wanda bai nuna masa komai ba. Wanda ya ci kafin wasa, abincin 'yan'uwansa ya ci.

Na sauko matakala har ina tuntuɓe na gaya wa Gwaggo: ba abincinta yake ƙi ba, jira yake a yi wasa. Ta tsaya da muciya a hannu ta ce to sai a yi yaya, ita ba ta da fili ba ta da bas. Na ce ƙwallo kawai za mu nemo.

Yaya Sani ya raka ni Sultana, unguwar 'yan kasuwa, muka bi shaguna. Akwai ƙwallon ƙafa iri-iri, amma tamu ba wanda ya taɓa jin labarinta. A ƙarshe muka samu wani baduku mutumin Damagaram a wata 'yar rumfa, na kwatanta masa: kamar lemo, mai tauri, farar fata, jan zare. Ya saurara da kyau, sannan ya tambayi Yaya Sani wai layar wace irin cuta ce wannan. Ya ɗinka ta kuwa, ta yi kyau.

Kuskurena ke nan. Na sa wa Baba ita a hannu da azahar, fuskarsa ta yi haske, ya juya ta yana neman ɗinkin da yatsunsa. Ya kai hannu baya zai jefa, yatsun suka kasa riƙewa, ta suɓuce ta gangara ƙarƙashin gado. Ya dubi hannunsa kamar na wani. Ranar ko shayi bai sha ba, washegari ma haka. Fa'iza ta zo ta ce da uwarta maganar asibiti ta taso ke nan, mijinta zai kawo mota ƙarshen mako. Gwaggo ba ta yi mini faɗa ba, kuma da ta yi da ya fi mini sauƙi. Na tafi Masallacin Annabi na zauna a cikin mata, ban roƙi komai mai tsawo ba. Na ce Allah ya buɗe mini kunne.

Na ɓoye ƙwallon, na koma kan tabarmata. Da ya sake yarda ya yi magana, sai na tambaye shi ko sun taɓa rasa ƙwallo a hanya. Ya yi murmushi. Ya ce a zamanin wanzamin an taɓa dukan ƙwallonsu guda ɗaya tak ta faɗa kogi, ga jama'a sun taru, ga yunwa. Sai mai jifa ya jefa iska, mai cafewa ya buga tafinsa ya cafe, ya wurga wa na gaba, suka yi ta yi da sauri har 'yan kallo suka rantse sun ga ƙwallo. Tun daga ranar ya zama al'adarsu, duk garin da suka shiga da shi suke buɗe fili. Wasan inuwa suke ce masa. Ya ce sirrinsa ɗaya ne, kada wanda aka jefa wa ya bar ta ta faɗi.

Sai a lokacin na gane. Watanni ke nan yana jefawa, ba mai cafewa.

Da azahar aka ajiye tire, ya tura, ya dubi ƙofa. Na je na tsuguna a bakin ƙofar na haɗa hannuwana. Ya gyaɗa kai, ya jefa, na tafa. Ya girgiza kai ya ce yarinya, kin rufe hannu tun ba ta iso ba, ga ta can ta wuce ki. Na juya na ɗauko ta a bayan ƙofa, na kaɗe mata ƙura, na wurga masa. Ya cafe. Na biyun na jira ta, na ji lokacin da ya kamata ta iso, na tafa da ƙarfi har tafina ya yi zafi. Muka yi 'yan jifa kaɗan, ya ce an tashi, ya jawo tiren da kansa. Ya yi bisimilla, wadda ita ba ta taɓa zube masa ba, ya ci rabin malmala.

Gwaggo tana tsaye a kan matakala ta ga komai. Ta yi hamdala, ta aika wa Fa'iza cewa a bar maganar mota. Amma ni na san ba a gama ba. Bizata ta kusa ƙarewa, ga Umra ba mu yi ba. Fa'iza tana makaranta da azahar, Yaya Sani yana jami'a. In na tafi, wa zai tsuguna a bakin ƙofa?

Na kawo mata maganar muna tsintar shinkafa. Ta ce in rufa mata asiri. A shekarunta, a birnin Manzo, ta zauna tana tafa hannu tana cafe abin da ba a gani, maƙwabta na leƙowa ta soro? Yaya Sani ya ce shi bai ga laifi a ciki ba, kyautata wa miji ne, ta ce ya bari sai ya yi aure ya zo ya ba ta fatawa. Da ya fita sai ta ajiye farantin, ta yi magana a hankali.

"Ni direba na aura, mai sallah a sahun gaba. Duk zamanmu bai taɓa ce mini ya yi wasa ba. Wannan ɗan ƙwallon ban san shi ba, shi ma bai san ni ba. Musa yake nema."

Na ce, "Gwaggo, shi ne dai ya rage. Kuma tuwonki yake ci."

Ta ci gaba da hawo da tire kullum, ta tsaya a matakala har in gama, ta sauka. Na lura dai tana kallon hannuwana.

Da tafiya ta matso, na yi abin da ban taɓa zaton zan iya ba. Da azahar ta ɗauki tire ta hau, ta kira ni, na ce ina zuwa. Ban je ba. Na zauna a tsakiyar matakala inda duhu yake, na rungume gwiwoyina. Na ji ta ajiye tiren. Na ji ƙarar turawarsa a kan siminti. Ta sake kirana, da cikakken sunana wannan karon, na cije leɓe na yi shiru. Na san a lokacin ya jefa, hannunsa yana buɗe yana jira. Na san yadda hannun yake sauka idan ya gaji. Ƙafafuna suka riƙa cewa in tashi, na danne su. Shirun ya yi tsawo har na ji kurciyoyi a soron maƙwabta, na fara tunanin na zalunci tsofaffi biyu a banza.

Sai na ji ana jan kujera 'yar tsugunno. Na ji nishin gwiwoyin Gwaggo. Sannan tafi, ɗaya, mai nauyi, irin na hannun da ya saba da taɓarya.

Na haura a hankali na leƙa. Tana zaune a bakin ƙofa, mayafi ya zame, fuska a murtuke kamar mai cinikin da ba ta so. Ta wurga masa da ƙarfi. Ya cafe, ya yarfe hannu kamar ta yi masa zafi, ya faɗi wani abu yana dariya. Ba ta juyo ba ta ce, "Ke munafuka, na san kina nan. Me ya ce?" Na ce ya ce wannan sabon mai cafewa ya fi Musa hannu, a ina aka samo shi. Ta ce in gaya masa a Harra aka samo shi, kuma ya yi sauri, tuwo na hucewa.

Hausar ba ta dawo masa ba, har na taho bai kira sunanta ba. Amma yana ci, kumatunsa sun ɗan ciko, likita ya ce a bar shi a gida.

Ranar da za mu wuce Makka motar ta zo daidai azahar, direba yana ta matsa oda a bakin lungu. Gwaggo ta cusa mini dabino da ganyen na'a-na'a a jaka, ta ba ni kaset in kai wa mahaifinmu, ta yi mini addu'a mai tsawo rabi Hausa rabi Larabci. Na ɗauka za ta raka ni ko zuwa bakin lungu, kamar yadda ake yi. Sai ta ɗauki tire ta ce, "Allah ya kiyaye hanya, 'yar Mamman. Ni kam ba zan raka ki ba, ana jirana a fili."

Na ja jakata ina tattare bakin abaya don kada in sake faɗuwa. Ban kai ƙarshen lungun ba na ji tafin daga soro.